Babu Karen Mota a Jirgin Sama

Bayan sallar isha'i, a teburin wani mai shayi da ke kusa da babban masallacin titin Owerri a Inugu, wani dattijo ɗan canji ya ba mu labarin ɗansa. An daɗe ana tara kuɗi, an sayar da fili a gida, yaron ya je ya yi karatun tuƙin jirgin sama, ya dawo ya sha zaman jira, daga bisani Allah ya sa wani kamfani ya ɗauke shi. Muka yi masa barka. Ya kurɓi shayinsa, ya girgiza kai, ya ce, "To, alhamdu lillahi, amma fa har yanzu ba su ba shi tuƙin ba. Mataimaki ne. Yana dai zaune kusa da direban, kamar yaron mota."

Wani saurayi da ke aikin lodin kaya a filin jirgin Akanu Ibiam da ke Emene ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Baba, ai da za ka shiga jirgin nan zuwa Abuja, yana yiwuwa ɗanka ne zai tashe shi, ya kuma sauke shi da hannunsa."

Dattijon ya dube shi. "Kai ɗana, to don me ake ce masa mataimaki?"

Babu wanda ya ba shi amsa a daren nan, har da ni. Amma tambayar ta bi ni gida, domin na ga yadda kalma ɗaya ta rage wa uba farin cikin da ya saya da filinsa. Na kuma lura cewa duk abin da mutanenmu na Inugu da Anaca da Fatakwal suka ɗauka game da wannan sana'a, daga yadda ake shigarta har yadda ake zama a cikinta, a kan kalmomi huɗu ko biyar yake tsaye, kuma ba dukansu ne ke faɗin gaskiya ba.

Bari mu fara da wadda ba ta da laifi. Jirgi, a asalin Hausa, abin ruwa ne. Icen da aka sassaƙe aka fafe cikinsa, ana fito da shi a gulbi, shi ne jirgi tun kafin Bature ya zo. Da dogo ya isa Kano a 1911, Bahaushe ya dubi wannan abu mai ɗaukar jama'a da kaya a cikinsa, ya ce jirgi ne, sai dai na ƙasa. Da jiragen yaƙin Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, ba a sha wahalar raɗa musu suna ba: jirgin sama. Daga nan ne ma dole ta sa aka riƙa ƙara wa na asalin "ruwa", don a bambance uba da 'ya'yansa.

Wanda ya zauna Anaca zai fi kowa jin daɗin wannan tarihi, don a bakin Kwara yake. Kafin a gama gadar Anaca a 1965, duk mai zuwa daga Asaba sai an yi fitonsa. Tun kafin wannan kuwa, fataken Hausawa da Nufawa ta ruwa suke gangarowa da kanwa da sauran hajoji. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, maƙwabtanmu Ibo hanya ɗaya suka bi da mu ba tare da an yi shawara ba. Kalmarsu ta ụgbọ jirgin ruwa ce tun asali. Suka ce ụgbọ mmiri ga na ruwa, ụgbọ ala ga mota, ụgbọ oloko ga jirgin ƙasa, ụgbọ elu ga na sama. Balarabe bai bi ta nan ba, daga tsuntsu da tashi ya ɗauko sunan nasa jirgin. Mai jin Suwahili ma ndege yake cewa, wato tsuntsu. Mu da Ibo ba mu ga tsuntsu ba. Mun ga abin hawa da mutane ke ba da amanar ransu a cikinsa su ƙetare abin da ƙafa ba ta ƙetarewa.

Haka matuƙi. A Hausa abu biyu ake tuƙawa tun da: tuwo da jirgi. Ka dubi mace a gindin murhu ta kama muciya da hannu biyu tana juya tuwon da ya yi kauri, ka dubi mai fito ya kama filafili yana yaƙi da igiyar ruwa, za ka ga motsin kusan ɗaya ne. Tuƙi aiki ne na sarrafa abin da ke turjiya. Daga nan kalmar ta hau keke, ta hau mota, ta tashi sama. Turawa ma daga ruwa suka kwaso kayan aikinsu. Kalmar fayilot da muke ji, sunan mai riƙe da akalar jirgin ruwa ne ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera jirgin sama, haka kyaftin. A Fatakwal tsohuwar ma'anar tana nan da ranta: babban jirgin ruwa idan ya zo shiga ta kogin Bonny, sai wani ma'aikacin hukumar tashoshin jiragen ruwa wanda ya san kwanar ruwan da tudun yashinsa ya hau ya shigo da shi, kuma sunan aikinsa ke nan, fayilot.

A Fatakwal ɗin ne kuma za ka fi ganin jirgin da Hausa ta yi wa sunan da ya fi kowane kyau, mai saukar ungulu. Kamfanoni irin su Bristow da Caverton suna kwasar ma'aikatan mai zuwa rijiyoyin cikin teku da shi. Wanda ya raɗa sunan nan ya taɓa tsayawa a mahauta ya ga yadda ungulu ke shawagi, ta tsaya cak, ta diro a tsaye. Ba ni da ƙorafi a kan jirgi, ko matuƙi, ko saukar ungulu. Inda matsala ta shigo shi ne lokacin da muka bar bakin gulbi muka koma tashar mota neman sauran kalmomin.

Mu mazauna wannan yanki, babbar mota ita ce cibiyarmu da gida. Ita ke kawo shanu da albasa da tumatir da wake zuwa Gariki a Inugu, da bakin gada a Anaca, da kasuwannin Fatakwal. Kowa a cikinmu ya san tsarin cikinta. Akwai direba, akwai yaron mota, wanda ba a jin nauyin ce masa karen mota. Idan an tsaya a Naiti Mayil, shi ke dira da gudu ya sa weji, shi ke duba taya, shi ke ɗebo ruwa, shi ke kwana ƙarƙashin mota yana gadi. Tuƙi kuwa satarsa yake yi da ido, sai ranar da maigida ya ga dama ya ce ya gyara wa motar tsayuwa. Idan ya ga direba na gyangyaɗi a kan sitiyari, sai ya yi tari ko ya ƙara sautin rediyo, don bai isa ya ce "Oga, barci kake yi" ba. Wannan hoto ne ke faɗo wa Bahaushe a rai idan ya ji an ce direban jirgi da mataimakinsa. Har wasu kamfanonin manyan motocin safa na kudu sun ƙara dagula lissafin, suna kiran direbobinsu kyaftin.

Abin da ke faruwa a gidan gaban jirgin fasinja daban ne. Mutum biyun nan kowanne matuƙi ne mai lasisi, kowanne an jarraba shi a kan wannan samfurin jirgin, kowanne zai iya tashinsa ya sauke shi ko da ɗayan ya faɗi sumamme, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ake sa biyu. Kyaftin yana hagu da igiya huɗu a kafaɗa, ɗayan yana dama da igiya uku ko biyu (a mai saukar ungulu yawanci kyaftin ne a dama). Kafin a tashi sukan raba aiki. A wannan zangon ɗaya ne ke tuƙi, ɗayan yana sa ido a kan na'urori, yana magana da hasumiya, yana karanta jerin abubuwan da za a duba ana amsa masa ɗaya bayan ɗaya. A zango na gaba sai su yi musaya. Jirgin da ya taso daga Legas zuwa Inugu a hannun kyaftin, yana iya komawa a hannun na dama, kyaftin ya zama shi ne mai karanta masa takarda. Ba a kuma miƙa tuƙi da ishara. Sai mai karɓa ya furta da baki cewa jirgi yana hannunsa, mai bayarwa ya amsa cewa ya sakar masa. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne alhaki: idan magana ta rabu biyu, ta kyaftin ce ta ƙarshe, kuma shi doka za ta tambaya.

Don haka ni a ganina kyaftin ya fi kama da madugu fiye da direba. Ayarin fataken goro da ke zuwa Gwanja ba mutum ɗaya ke tafiyar da shi ba. Akwai madugu uban tafiya, akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya. Jagaba ba bara ba ne. Idan ya dawo ya ce gulbi ya kawo ko akwai 'yan fashi a gaba, madugun da ya ƙi saurarensa ya hallaka ayari. Muna da wannan tsari a tarihinmu, mai girma da shawara a haɗe, amma muka tsallake shi muka ɗauko na karen mota.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne a ciki, ai suna ne kawai. Da a ce abin ya tsaya kan ran dattijon teburin shayi, da sai a ba shi haƙuri a wuce. Amma masana harkar jiragen sama sun gano da tsada cewa ɗaukar na dama a matsayin yaro yana kashe mutane. Sun gano haka ne daga na'urar da muke kira baƙin akwati, wadda a zahiri launin ruwan lemo gare ta don a gan ta cikin tarkace, kuma guda biyu ce a jirgi, ɗaya daga ciki tana naɗar duk maganar da aka yi a gidan gaba. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin ɗaya daga cikinsu, jirgin KLM, babba ne a kamfaninsa, shi ke horar da sauran matuƙa. Ya fara gudun tashi alhali ɗaya jirgin bai bar titin ba. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya yi tambaya cikin shakka ko wancan jirgin ya kauce, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce, ba a sake tayar da maganar ba. Bayan wannan da wasu haɗurra irinsa, hukumar NASA ta Amurka ta tara masana a 1979, daga nan aka fito da wani horo na musamman wanda yau ya zama dole ga matuƙan jiragen fasinja. Abin da ake koyarwa a ciki bai shafi inji ba. Ana koya wa ƙarami yadda zai buɗe baki, ana koya wa babba yadda zai buɗe kunne.

Mu ma muna da namu tabon. Ranar 11 ga Yuli 1991, jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashi, duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Jirgin na wani kamfanin Kanada ne, Nationair, an yi hayarsa yana aiki da sunan Nigeria Airways. Bincike ya nuna wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, akwai waɗanda suka san haka a ƙasa, amma gudun jinkiri ya rinjayi maganar mai gyara. A Fatakwal kuma babu mazaunin da ya manta 10 ga Disamba 2005, ranar da jirgin Sosoliso ya faɗi a filin Omagwa cikin hadari, mutum 108 suka mutu, 60 daga ciki ɗaliban makarantar Loyola ta Abuja masu zuwa hutu. Masu bincike sun ce jirgin ya ci gaba da gangarowa har ya wuce tsayin da ƙa'ida ta ce in ba a ga titi ba a fasa sauka. Wannan kalma, fasa sauka, ya kamata kowane fasinja ya san ta. Idan ka ji jirgi ya kusa taɓa ƙasa sai ya sake yin sama da ƙarfi, kada ka ce direban bai iya ba. A tsarin kamfanoni da yawa, ko wanne daga cikin matuƙan biyu ya ce a fasa, to an fasa, sai daga baya a tattauna dalili.

Nan ne tarbiyyarmu ke haɗuwa da wannan sana'a, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wanda ke alfahari da tarbiyyar. An raine mu a kan cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. An ce mana bin na gaba bin Allah. Yaron kirki ba ya haɗa ido da babba, ba ya katse shi, idan zai gyara masa sai ya kewaya ta bayan gida. Waɗannan abubuwa sun riƙe gidajenmu a baƙon wuri shekara da shekaru. Amma jirgin da ke gangarowa yana cin mita 70 ko fiye a kowace daƙiƙa, babu lokacin kewaye-kewaye. Saurayin da ya taso a unguwar Diobu ta Fatakwal yana durƙusa wa manya, idan ya zauna a kujerar dama kusa da kyaftin sa'an mahaifinsa, dole ya iya cewa, "Kyaftin, mun yi ƙasa da yawa," in ba a ji ba ya maimaita da ƙarfi, in har ta kai ga halaka ya karɓi jirgin. Ba sai mun aro wannan daga waje ba. Mu ne muka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A sallar jam'i ma, idan liman ya yi mantuwa, na bayansa ne ke yin tasbihi ya tunatar da shi ko da almajirinsa ne, kuma babu mai kiran wannan rashin kunya. Wanda aka saba kira mataimaki, ana kallonsa kamar yaron mota a gida da unguwa, an ƙara masa nauyin da zai sa harshensa ya yi nauyi a ranar da ake bukatarsa.

Kalma ta gaba da ke cutar da mu ita ce lasisi, kuma ita aljihu take ci. A tasha, lasin ɗaya ne: ka samu, ka zama direba, sai neman mai ba ka mota. Iyaye da yawa da wannan fahimtar suke tura 'ya'yansu Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ko ta Ilorin, ko Afirka ta Kudu da Amurka. Ba su san lasisin hawa-hawa ne ba. Akwai na farko, wanda ke ba mutum damar tuƙa ƙaramin jirgi don kansa ba don a biya shi ba. Akwai na sana'a, wanda ake samu bayan awa 200 ko kusa da haka a sama, tare da shaidar iya tuƙi da na'ura cikin gajimare da ta jirgi mai inji biyu. Sannan akwai babban, wanda sai da shi ake zama kyaftin a jirgin fasinja, shi kuwa sai an tara awa 1,500. Yaron da aka yaye daga makaranta ana ɗaukar hoto da farar riga, a mataki na biyu yake.

Tsakanin wannan mataki da kujerar aiki akwai wani rami da Hausa ba ta ma raɗa wa suna ba, shi ya sa mutane ke faɗawa ciki. Kowane babban jirgi yana da takardar ƙwarewa tasa. Wanda aka horar a kan Boeing 737, irin da Max Air da Air Peace ke amfani da shi, ba zai hau Embraer 145, irin wanda United Nigeria ta Inugu ta fara aiki da shi a 2021, ya tuƙa ba sai ya koma aji. Horon makonni ne, a cikin na'urar da ke kwaikwayon jirgi, sau da yawa a ƙasar waje, kuma da dala ake biya, dubbai masu yawa. Ni ina kiran wannan takarda lasisin samfuri, in wani yana da sunan da ya fi wannan ya kawo. Muhimmin abu dai a sami abin da uba zai riƙe a baki ya yi tambaya da shi. Lokacin da gwamnatin Kano a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi, an yi murna ƙwarai, kuma abin a yaba ne. Amma da yawansu sun dawo sun daɗe ba su sami kujera ba, kuma wannan rami na cikin abin da ya tare su.

Sai kuma awa. A bakin matuƙa, awa ita ce jari. Kowa yana da littafin da yake rubuta duk tashin da ya yi, kuma kamfani kafin ya dubi fuskarka littafin yake dubawa. Kamfani yana son mai awoyi da yawa, awoyi kuwa ba sa taruwa sai a bakin aiki. Wannan ƙulli ya haifar da hanyoyi iri-iri. Wasu sukan tsaya a makaranta su zama malamai suna tara awa a ƙananan jirage. Wasu kamfanoni sukan biya wa matashi kuɗin lasisin samfuri, ya sa hannu cewa zai yi musu aiki shekara kaza, in ya tafi kafin lokaci ya biya. Ɗan Anaca zai gane wannan nan take, don ya yi kama da abin da Ibo ke kira ịgba bọị, inda yaro ke yi wa ubangida hidima shekaru a shago kafin a sallame shi da jari. Mu ma muna da barantaka. Idan an rubuta sharuɗɗan a fili, kuma albashi na tafiya, ban ga aibunsa ba. Wanda nake ƙi shi ne wanda ake yi a wasu sassan duniya, inda matashi ke biyan kamfani kuɗi don a bar shi ya zauna a kujerar dama ya tara awa da fasinjoji a baya. Wanda ya sayi kujerarsa da bashi, yana tsoron a kore shi, da wane baki zai ce wa kyaftin a fasa sauka, ko ya ce wa manaja wannan jirgin ba zai tashi ba sai an gyara?

Akwai kuma abin da mutanenmu ke gani lokacin aikin hajji su yi mamaki: jirgi da sunan kamfanin gida a jikinsa, amma matuƙa duk baƙi. Haya ce iri biyu. Akwai wadda ake karɓar jirgi kawai, kamfani ya zuba nasa ma'aikata. Akwai wadda ake ɗauko jirgi da matuƙansa da masu gyaransa gaba ɗaya, kamar ka yi shatar mota da direbanta. Ta biyun ba ta buɗe wa ɗan gida kujera ko ɗaya. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jiragen sama ta Najeriya, NAAPE, ta daɗe tana kuka kan yawan baƙin matuƙa alhali 'yan ƙasa na zaune. Adalci shi ne a ce wani lokaci dole ce, domin idan kamfani ya sayo sabon samfuri sai ya nemo kyaftin da ya riga ya san shi. Tambayar da za a yi wa irin wannan kamfani ita ce, 'yan gida nawa baƙon ya horar kafin ya tafi.

Duk wannan ya shafi kowane matashin Najeriya. Amma akwai kalma guda da ta fi ƙona ɗan Bahaushen da aka haifa a nan, ita ce ɗan asali. Karatun tuƙin jirgi ya fi ƙarfin yawancin gidaje, don haka babbar ƙofa ita ce tallafin gwamnati, shi kuwa da takardar shaidar asali ake nemansa. Shirin afuwa da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 ya tura matasan yankin Neja Delta koyon tuƙin jirgi a ƙasashen waje. Jihohin arewa kan tura nasu. Yaron da aka haifa a Diobu ko a titin Bida a Anaca, wanda kakansa ya zo tun zamanin Turawa, yana jin Ibo ko Ikwerre kamar Hausa, sau da yawa a tsakiya yake faɗuwa. A nan baƙo ne. Idan ya je garin kakansa neman takarda, sai mai unguwa ya tambaye shi ɗan gidan wa ne, a yi ta neman wanda ya san mahaifinsa. Ga shi Hausawa sun zauna Elele, gaba kaɗan da filin jirgin Omagwa, tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin maharban giwa. Ga shi a shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. Abin da ya yiwu a wancan zamani bai kamata ya gagare mu a takardar tallafin karatu ba. Sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa da attajiranmu na canji da na shanu suna da bakin da za su yi wannan magana da gwamnoni, na can da na nan.

Ban ce babu uwa a gindin murhu a harkar ba. Akwai, kamar kowane aiki da masu nema suka fi kujeru yawa, kuma wasiƙar babban mutum tana iya sa a kira ka ganawa. Amma iyakarta ke nan. Matuƙin jirgin fasinja yana komawa na'urar gwaji a kai a kai, yawanci duk wata shida, a kashe masa inji ɗaya, a kunna masa gobara, a ga abin da zai yi. Likita na duba shi, hukumar kula da harkar jiragen sama, NCAA, na duba takardunsa. A wannan ɗaki babu wanda ke tambayar ɗan wane ne, ko namiji ne ko mace. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin sama ta sana'a, a Zariya ta yi karatu, daga baya ta shugabanci kwalejin. Marigayiya Kyaftin Hadiza Lantana Oboh ta tuƙa jiragen Nigeria Airways. Kalmar matuƙiya ba ta yi wa Hausa nauyi a baki ba, bai kamata ta yi wa iyaye nauyi a zuciya ba.

Na koma teburin mai shayin bayan 'yan kwanaki, na tarar da dattijon. Na ce, "Alhaji, na zo da amsar tambayarka." Na yi masa bayanin musayar zango da igiyoyin kafaɗa, na ce ɗansa jagaba ne a ayarin da kyaftin ke madugu, kuma idan ya tara awoyinsa zai koma kujerar hagu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, wato ran mutanen nan yana hannunsa shi ma?" Na ce ƙwarai. Ya ce to daga yau addu'ar da yake yi masa za ta canza.

Roƙona ga abokan aikinmu na gidajen rediyo da jaridun Hausa, waɗanda daga bakinsu kalma ke shiga kasuwa da tasha: ku ajiye "mataimakin direba", ku riƙa cewa matuƙi na biyu, ko abokin tuƙi. Ku kuma iyaye, kafin a sa hannu a takardar sayar da fili, ku tambayi makarantar wane matakin lasisi kuɗinku zai kai yaron, awa nawa zai fito da su, kuma wa zai biya lasisin samfuri. Ku ce a ba ku amsar a rubuce.